Yadda dare ya gajarce wa yaran Maourey

Kakanninmu da suka zauna a Maourey ba su da wani ƙarfe da suke kira lokacin kwanciyar yara. Yawancinsu ko agogo ba su mallaka ba. Duk da haka, a zamaninsu yaro ɗan shekara huɗu ba ya kai tsakar dare ido biyu, sai in ba shi da lafiya ko ana biki a gidan. Ba fin mu son ƴaƴa suka yi ba. Suna da mataimaka ne da mu muka rasa: duhu, da sallolin da ke raba yamma kashi-kashi, da hutun tsakar rana. Cikin shekara ɗari birnin Yamai ya raunana waɗannan ɗaya bayan ɗaya, ya kuma kawo ƙararrawar lakwal wadda ba ta jiran kowa da safe. Tarihin wannan canji nake so mu bi tare, iyaye da ƴan'uwana malamai, domin yaron da ke gyangyaɗi a kan tebur da ƙarfe tara na safe ba shi ya ƙirƙiro matsalarsa ba.

Maourey na cikin tsoffin unguwannin da suka haifi Yamai, tare da irin su Kalley da Gaweye da Zongo. Sunanta daga Mawri ya samo asali, mutanen da ake danganta tushensu da ƙasar Arewa, ko da yake waɗanda suka zauna nan bakin kogin Isa sun daɗe da komawa Zabarmanci. Lokacin da Faransawa suka kafa barikinsu a farkon shekarun 1900, ƙauyukan bukkoki suka tarar, na manoma da masunta. An ɗauke hedikwatar mulki zuwa Damagaram a 1911, aka dawo da ita Yamai a 1926. Yunwar 1931 ta koro mutanen karkara zuwa garin, gobara ta ci bukkoki a tsakiyar shekarun 1930, daga nan aka shata unguwanni layi-layi da gidajen ƙasa. Ko a 1960, shekarar ƴancin kai, mutanen Yamai ba su wuce dubu 30 da ɗoriya ba. Ƙidayar 2012 ta tarar da sama da miliyan 1. Unguwar manoma ta jiya ita ce yau tsakiyar hada-hada, da shataletale da shaguna da bankuna, taku kaɗan daga Babbar Kasuwa.

A wancan ƙaramin garin, da zarar rana ta yi ja, uwa ba ta samun natsuwa sai ta ƙirga ƴaƴanta. Almuru lokaci ne da ba a barin yaro a waje. Wasu suka ce saboda iskoki, malamai kuma suka kafa hujja da hadisin Jabir da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya yi umurni a tsare yara a gida a farkon shigar dare. Ko wace hujja mutum ya riƙa, sakamakon ɗaya ne, kafin duhu ya rufe yara suna cikin gida. Sai tuwo. Sai a yi wa jariri wanka da ruwan ɗumi, a shafe shi da man kaɗe, a ba shi nono, a jijjiga shi a cinya har jikinsa ya yi laushi. Sai isha. Wani hadisin, na Abu Barza, ya nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son barci kafin isha, ba ya kuma son hira bayanta. Don haka a gidan da ake bin malamai, sallar isha ita ce ƙyauren yini. Hausawa suka ce dare mahutar bawa, suka kuma ce dare rigar mugu, kuma duka biyun gida suke tura mutum.

Tsakanin tuwo da barci ne gatana take, wato tatsuniya. An hana yin ta da rana, mu ma an tsorata mu da cewa wanda ya yi gatana da rana zai ɓata a kasuwa. Galibi ana fassara wannan doka da cewa dabara ce ta hana yara lalaci lokacin aiki, kuma haka ne, amma tana da wata fuskar. Tunda sai da dare ake samun ta, gatana ta zama ladan wanda ya shigo gida da wuri ya zauna. A duba yadda ake yin ta. Cikin duhu ko ƙaramin haske, da murya ƙasa-ƙasa, a kan tabarmar da yaron zai kwana, daga bakin mutumin da ya saba da shi. Sannan tana da ƙarshe. Komai daɗin wayon Gizo da haƙurin Ƙoƙi, dole a zo ga ƙurunƙus, kuma kafin a zo nan rabin masu saurare barci ya sace su. Shawarar da likitocin yara ke ba iyaye a yau, cewa a riƙa yin abubuwa iri ɗaya, a jere ɗaya, kowane dare kafin kwanciya, ita ce kakanninmu mata ke aikatawa ba tare da sun san tana da suna ba.

Kada dai mu yi wa jiya kwalliyar da ba ta da ita. Mutanen da ba su kwanta tare da kaji ba. Idan farin wata ya fito, dandali yakan cika, ƴan mata na gaɗa, samari na langa da kokawa. Almajirai na kewaye da wuta suna karatun dare. Da azumi akwai tashe. Wani bincike da aka buga a 2015 ya auna barcin wasu al'ummu uku da ba su da lantarki, Hadza na Tanzaniya da San na Namibiya da Tsimane na Bolibiya, ya tarar manyansu kan kai wajen awa 3 bayan faɗuwar rana kafin su yi barci, kuma ba su cika wuce awa 7 ba. Rashin fitila bai taɓa mayar da mutane masu kwana da magariba ba. Sai dai dandali na waɗanda suka tasa ne, ƙananan suna baya a goye ko suna kan tabarma. Wata kuma yana da nasa tsari. Da ya wuce sha huɗu, kowane dare sai ya ƙara jinkirin fitowa da kusan minti 50, kafin mako ya zagayo dandali ya watse da kansa, babu wanda ya kori kowa.

Wanda kuma ya raba dare yana da inda zai rama. Ƙailula tsohuwar al'ada ce a ƙasar zafi. Aya ta 58 a suratun Nur, da take koya wa yara neman izini kafin shiga wurin manya, ta ambaci lokuta uku: kafin asuba, da tsakar rana lokacin da ake ajiye tufafi, da bayan isha. Wannan na nuna yinin da ke da hutu biyu a cikinsa. Su kansu Faransawa sun bi zafin ƙasar, ofisoshinsu da makarantunsu suna tashi da tsakar rana, a koma bayan rana ta ɗan karya. Mu da muka yi firamare a ƙarshen shekarun 1980 mun tarar da wannan tsari, ana dawowa gida a ci abinci, a tilasta mana kwanciya ko muna so ko ba mu so. Daga baya aikin gwamnati ya koma na miƙewa ba tare da komawa gida ba, makarantu masu zaman kansu da yawa suka bi, gari ya yi faɗi har komawa gida da rana ta zama tafiya. Ƙailula ta zama abin da ake samu ranar Lahadi.

Ita kanta lakwal, a farko ƴan kaɗan ta shafa. Boubou Hama, malamin makaranta na farko ɗan Nijar da ya fito daga William Ponty a 1929, yana cikin ƴan tsirarun zamaninsa. Har zuwa ƴancin kai, yaran da ke zuwa makarantar boko ba su kai 5 cikin 100 ba a faɗin ƙasa. Yau a Yamai da wuya ka sami gidan da ƙararrawar safe ba ta tashe shi ba, kuma ta sauko har kan ƴan shekara uku da huɗu da ake kai wa makarantun reno.

A nan akwai wani abu da ban cika jin ana magana a kansa ba, alhali ya shafe mu fiye da sauran manyan garuruwan ƙasar. Nijar gaba ɗayanta agogo ɗaya take bi, awa ɗaya gaba da na Girinwic, daidai da Najeriya. An auna wannan agogo ne da ranar da ke kan layi na 15 gabas, wanda ya bi ta kan Injamena. Yamai kuwa tana kan layi na 2. Kowane layi ɗaya minti 4 ne a tafiyar rana, don haka idan agogonmu ya buga sha biyu, rana ba ta kai tsaka ba, da sauran wajen minti 50. Tsakaninmu da Wagadugu, a lissafin rana, kwata ɗaya ne kawai, amma a agogo awa ce cur. Mutumin Damagaram na shan ruwa da azumi kusan rabin awa kafin mu, na Diffa wajen minti 40. Kowa ya san wannan a watan Ramadan, amma ba mu cika tunawa da shi ba a sauran watanni. A Yuni, rana ba ta faɗuwa a Yamai sai wajen bakwai da minti ashirin, isha ta kai takwas da rabi. A Janairu kuma, cikin ɗari, rana ba ta fitowa sai bakwai ta gota, wato yaron da aka tasa da ƙarfe shida cikin duhu sosai aka tashe shi.

Gida yana bin rana, domin salla da girki da tuwon dare duk da ita suke tafiya. Lakwal tana bin agogo, kuma ƙarfe takwas na Yamai shi ne ƙarfe takwas na Diffa. Yaron Yamai ne ke tsakiya, darensa na farawa a makare, safiyarsa ba ta ɗaga masa ƙafa. Wani masanin tattalin arziki mai suna Maulik Jagnani ya yi nazarin irin wannan a Indiya, wadda ita ma agogo ɗaya take bi duk girmanta. Ya gano cewa idan faɗuwar rana ta jinkirta da awa ɗaya, yara na rasa kusan rabin awa na barci, domin kwanciya na jinkirta amma tashi ba ya jinkirta. Abin ya fi cin ƴaƴan talakawa, kuma ya bayyana a sakamakon karatunsu.

Sai batun haske. Fitila ta riga lantarki, daga aci-balbal zuwa fitilar ƙwai, amma kananzir kuɗi ne da ake gani yana raguwa a kwalba, mai gida ba ya bari ya ƙone a kan hira. Tsadar mai ta yi wa talaka aikin agogo shekaru da yawa. A 1968 aka kafa Nigelec, a 1976 aka jawo layin wuta daga madatsar Kainji ta Birnin Kebbi zuwa Yamai. Ƙwan lantarki ba ya nuna maka abin da ya ci sai ƙarshen wata. Wani abin lura, a 1968 ɗin ne kuma aka buɗe a Yamai cibiyar tattara adabin baka da ta zama CELHTO, kuma a shekarun 1970 Boubou Hama ya fitar da littattafansa na tatsuniyoyin Nijar. Masana sun shiga adana gatana a takarda da faifai daidai lokacin da sa'arta ta fara ƙwacewa a gidaje.

Talabijin kuwa da rigar mushe ta shigo ƙasar nan. A 1964 aka fara shirin koyarwa ta talabijin da taimakon Faransa, ana watsa darussa zuwa wasu azuzuwan firamare a Yamai da kewayenta, har a 1968 aka gwada kunna akwatin wata makaranta da hasken rana. Sai a 1979 ta zama Tele Sahel ta kowa da kowa. A ƙuruciyarmu akwati ɗaya kan ishi layi guda. Mukan zauna a ƙasa a tsakar gidan maƙwabci, kuma tashar ba ta kwana tana magana, da dare ya yi sai ta yi sallama allo ya koma yayyafi. Ita ma tana da ƙurunƙus ɗinta. Bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, kaset ɗin bidiyo ya cika gari, gidajen kallo suka buɗe a lunguna. Sunan da mutanen Nijar suka ba finafinan Kano, dandalin soyayya, ya faɗi abin da ya faru ba tare da an yi niyya ba, dandali ya tashi daga fili ya koma cikin akwati, inda babu ruwansa da fitowar wata ko faɗuwarsa. A farkon shekarun 2000 tashoshi masu zaman kansu suka zo, sannan tauraron ɗan Adam, tele ta daina rufewa kwata-kwata. Manyan wasannin ƙwallon zakarun Turai, a watannin sanyi, ƙarfe tara na dare suke farawa a agogonmu, su ƙare wajen sha ɗaya, a daren Talata da Laraba, tsakiyar makon karatu.

A shekarun 1990 ne kuma fada ta zama abin da muka sani yau, samari a ƙofar gida da butar shayi har talatainin dare. Ba ni da faɗa da fada, ta tsare unguwanni da yawa daga ɓarayi. Amma wa ake aika sayo sukari da gawayi? Ƙanen da ya kamata a ce yana kwance. Daga ƙarshe salula ta zo, Celtel ta fara aiki a 2001, bayan ƴan shekaru waya ta zama ƙaramar tele da ke shiga har cikin gidan sauro. Yanzu idan ɗan shekara biyu ya yi kuka da dare, abin da ya fi kusa da hannu ake miƙa masa. Bidiyon TikTok da YouTube an gina su ne yadda wani zai bi wani, babu inda aka tanadi wurin tsayawa.

Me ya sa haske ke da wannan ƙarfi? A 1958 wani likita a jami'ar Yale, Aaron Lerner, ya gano sinadarin melatonin, wanda ƙwaƙwalwa ke saki idan duhu ya yi, ya shaida wa jiki cewa dare ya zo. Haske na danne shi, kuma idon ƙaramin yaro ya fi na babba barin haske ya shiga. A wani ƙaramin gwaji da aka buga a 2018 daga jami'ar Kolorado, an bar yara ƴan shekara 3 zuwa 5 cikin haske mai ƙarfi na awa ɗaya kafin kwanciya, sinadarin ya ragu da kusan kashi 88 cikin 100, kuma bai dawo nan take ba bayan an rage hasken. Wannan ne ya sa uwa za ta ce ta kwantar da yaro amma ya ƙi barci, alhali ƙwan fitila na kansa, tele na magana. Tun ƙarshen shekarun 1960 kuma aka san cewa sinadarin girma ya fi fita a lokacin barci mai nauyi na farkon dare.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce jariri daga haihuwa zuwa wata 3 na bukatar awa 14 zuwa 17 a yini da dare, daga wata 4 zuwa 11 awa 12 zuwa 16, ɗan shekara 1 zuwa 2 awa 11 zuwa 14, ɗan shekara 3 zuwa 4 awa 10 zuwa 13, har da barcin rana. Ta ce kada a zaunar da wanda bai kai shekara 2 ba gaban allo, daga nan zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka a 2016 ta sa wa ƴan shekara 6 zuwa 12 awa 9 zuwa 12. Mu yi lissafin da yaranmu. Wanda za a tasa ƙarfe shida don salla da wanka da koko da hanya, in ana so ya sami mafi ƙaranci, awa 9, dole tara ta same shi yana barci, ba yana shirin kwanciya ba. In sha ɗaya yake kaiwa, ya rasa awa 2 kowane dare, awa 10 a makon karatu, wato dare guda cur ake cire masa duk mako. Ɗan shekara huɗu da ba ya samun ƙailula, in shida da rabi zai tashi, takwas da rabi ce iyakarsa. A Yuni, a lokacin ake tayar da isha.

Abin da ke ruɗar mu shi ne ƙaramin yaro da barci bai ishe shi ba bai cika kama da mai jin barci ba. Babba yakan yi hamma ya yi shiru. Yaro sai ya ƙara ƙiriniya, ya yi kuka a kan abin da bai kai ba, ya tsokani na kusa da shi, ya kasa riƙe abin da aka faɗa masa yanzu-yanzu. Sai a ce ya fiye fitina, ko ba ya da kai, wani lokaci har bulala ta shiga. A makarantar horon malamai an koya mana a sa lissafi da karatu da safe, domin a lokacin ƙwaƙwalwar yaro ta huta. Duk tsarin ya dogara ne a kan zaton cewa ya yi barci. A Ingila, Yvonne Kelly da abokan aikinta sun bi yara sama da dubu 11, suka buga a 2013 cewa waɗanda ba su da tsayayyen lokacin kwanciya suna shekara 3 sun fi samun ƙarancin maki a karatu da lissafi da suka kai 7. Ba mu kaɗai ba ne. Masana a Ostareliya sun tattara bayanan ƙasashe 20 daga 1905 zuwa 2008, suka ga barcin yara ya ragu da sama da awa ɗaya cikin ƙarnin.

Na san abin da wata uwa za ta ce in ta karanto nan: Malam, ka taɓa kwantar da yaro ƙarfe takwas a ɗakin kwano cikin Afrilu? Tana da gaskiya. A bazara zafin Yamai na wuce digiri 40 da rana, dare kuma bai cika sauka ƙasa da 27 ba. Gidan ƙasa na da mai kaurin bango ya fi jure wannan. Siminti da kwano suna shan rana yini guda, su yi ta amayar da ita har bayan tsakar dare. Gidajen haya na tsakiyar gari, inda iyali guda ke ɗaki ɗaya, tsakar gida kuma ta gidaje shida ce, ba su bar wa yaro wani lungu mai duhu da shiru ba. Ga matan da abincin gidansu ke fitowa daga tallan dare a bakin titi, da goyo a baya, da ƴar shekara takwas mai wanke kwanoni. Wanda ya ce musu su kwantar da yara da wuri bai kawo musu wata hanyar cin abinci ba. Wannan ɓangaren na matsalar ya fi ƙarfin nasiha, magana ce ta gidaje da wuta da abin hannu.

Akwai kuma sauro, wanda ke sa jinkirin kwanciya ya zama batun rai. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro da dare yake farauta. A ƙarshen 2005 da farkon 2006 Nijar ta raba gidajen sauro masu magani sama da miliyan 2, aka ci gaba da rabawa bayan nan. Amma sange ba ya kare yaron da ke waje yana kallo har sha ɗaya. Kowace awa da ya ƙara a waje cikin damina, awa ce da aka bar shi ba kariya.

Tarihi ya yi mana wani gwaji da ba mu roƙa ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin CEDEAO, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a farkon Agusta, kuma a lokacin wajen kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar daga can yake zuwa. Ba a mayar ba sai a Maris na 2024. Duhu ya dawo unguwanni na sa'o'i masu yawa, har cikin watannin farko na shekarar karatu. Da a ce duhu kaɗai ke kwantar da yara, da mun ga azuzuwa sun wartsake. Ni dai ban gani ba a nawa ajin. Salula na da batir, fitilar sola ta yi araha, kuma inda fanka ta tsaya kowa waje yake fitowa. Wasu yaran ma sukan ce an tashe su tsakar dare da wuta ta dawo, gida ya ɗauki guga da cajin waya da kallo. Duhun ya dawo, amma jerin abubuwan da ke tafiya da shi a da, tuwo da wuri, tabarma, muryar kaka, bai dawo tare da shi ba.

Wasu ƙasashe ta safiya suka taɓa. Jihar Kalifoniya a Amurka ta yi doka a 2019 cewa manyan makarantun sakandare kada su fara kafin takwas da rabi. A Yamai wannan ba zai yi ba, domin duk mintin da aka ƙara da safe, cikin zafin rana za a biya shi, musamman a azuzuwan zana da na kwano. Yamma ce ke hannunmu, kuma mu malamai muna da kaso a cikin cunkushe ta. Muna ba ɗan aji biyu aikin gida da zai ci awa guda. Iyaye na ƙara masa mai darasin gida da yamma. Makarantar dare na ɗaukarsa daga magariba har bayan isha, kuma sau da yawa ƙanana na zaune suna jiran a gama da manya kafin a tashi gaba ɗaya. Kowannenmu alheri yake nufi, amma babu wanda ya zauna ya tara awowin. Malamin makarantar dare zai iya fara biya wa ƙanana ya sallame su kafin isha, kuma hadisin Abu Barza na bayansa. Mu kuma aikin gidan ƴan ƙananan azuzuwa bai kamata ya wuce abin da za a gama kafin magariba ba.

A gida, abin da lissafin ranar Yamai ke nunawa shi ne a raba tuwon ƙanana da na manya. Daga Afrilu zuwa ƙarshen Yuni, in aka jira a dawo daga isha kafin a ci, an riga an makara. A ciyar da su kafin magariba ko da an sallame ta, a yi musu wanka da ruwan randa, a yayyafa wa ƙasa ruwa, a ɗaura sange a gefen tsakar gida da ya fi nisa da fitila da tele. Mai goyo a bakin sana'a ko juya wa fitila baya ta yi ta rage wa jaririn wani abu. A taron iyayen yara na watan Oktoba, inda muka saba magana a kan kuɗin alli da gyaran tebura, ni yanzu nakan ƙara tambaya biyu, ƙarfe nawa yaron ke yin barci, kuma a ina wayar gidan ke kwana. Iyaye mata ne ke da amsar, don haka nakan roƙi a gayyato su da sunansu, a kuma sa taron da la'asar, lokacin da ba su ɗora tukunyar dare ba.